Rigunan Auta

Shekarar da mahaifinmu ya rasu aka fara kawo mana kayan. Shi malamin firamare ne, mahaifiyarmu kuma ma'aikaciyar jinya ce a Shagari, inda kowa ke ce mata Sista. Mu mutanen Zuru ne, Kirista, kuma ba mu da yawa a garin. Ɗaki guda ya ishe mu sujada ranar Lahadi. Mu uku aka bar wa Mama: ni babba, sai ƙanena, sai auta, yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba.

Ana gab da Kirsimeti mai shayin bakin tasha ya aiko a kira Mama. Wani direban motar Bodinga ne ya bar masa ƙulli a leda, ya ce na gidan Sista ne. Atamfa iri ɗaya ce aka ɗinka gida uku: riga da siket nawa, riga da wando na ƙanena, da 'yar doguwar riga mai aljihu ta auta. Kowa nasa ya zauna masa daidai. Mama ta tambayi fasto, ta tambayi hedimastan makarantar mahaifinmu da abokan aikinta, kowa ya ce ba shi ba ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma, ta ce mata ta daina bincike, wanda ya ɓoye hannunsa ladan Allah yake nema, kada ta ɓata masa.

Da shekara ta zagayo ƙullin ya sake zuwa, kowane ɗinki an ƙara masa tsawo da faɗi.

A bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya ɗauke auta. Garin ya yi mana gaisuwa, har daga Kajiji mata suka zo a kan babura, waɗanda Mama ta karɓi haihuwarsu. Saboda haka ba mu yi zaton akwai wanda bai ji ba. Amma da Disamba ta yi, ɗinki uku muka tarar a ledar. Mama ta ɗaga doguwar rigar ta kafaɗunta, ta dube ta har ƙasa. An ƙara mata kamar taƙi guda. Ta ninke ta, ta sa a akwati.

Ta ba mai shayi saƙo ya faɗa wa direba. Sai dai direbobin canzawa suke yi, kuma ba wanda ke son ɗaukar labarin mutuwa zuwa wurin da bai sani ba. Shekara ta gaba ma uku suka zo. Wannan karon babu aljihu, an yi wa rigar hannu irin na 'yan mata masu zuwa makaranta.

Mama ta ce wannan ba daidai ba ne. Mutum yana yi wa kabari ɗinki bai sani ba, dole a gaya masa. Ta fara zuwa Bodinga ranar kasuwa in ba ta da aiki, tana bin layin teloli tana dubawa. Da aka yi hutu na riƙa raka ta. Wata rana da hantsi ta tsaya cak a gaban wata rumfa. A wuyan keken ɗinkin an ɗaure ƙyalle wanda ake soke allurai a jiki, kuma atamfarmu ce ta bara.

Telan dattijo ne mai fara'a. Da Mama ta faɗi ko ita wace ce, ya tashi ya share mata benci, ya ce bai taɓa ganinmu ba amma ya san mu a tef ɗinsa. Ya dube ni ya ce ashe bai yi kuskure da yawa ba. Mai kayan, in ji shi, ya taɓa aiki a yankin, ya kawo awonmu sau ɗaya, daga baya aka yi masa canji zuwa nesa. Duk shekara yana aiko da atamfa, shi kuma tela yana ƙarawa da ƙiyasi. Suna kuwa ya rantse ba zai faɗa ba, ya roƙi Mama kada ta sa shi karya alkawari. Abin da zai iya gaya mata shi ne, duk sanda saƙo ya zo, ƙaramar ake fara tambaya, ko har yanzu tana cika aljihunta da duwatsu.

Na ga Mama ta buɗe baki za ta yi magana. Telan ya riga ta.

"Ni ma ita ka ba ni wahala, Sista. Ɗiya mace awa gero take da damina, ba ka sanin inda ta kai. Nuna min, ina ta kai yanzu?"

Mama ta miƙe tsaye. Ta ɗaga hannunta a shimfiɗe, ta tsayar da shi daidai ƙirjinta, sannan ta ɗan ƙara sama. Telan ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa tafinta.

"To, wagga za ta hi uwatta tsawo," in ji shi, yana dariya.

Muka shiga mota, muka kamo hanya har muka kusa Shagari. Ba tare da ta dube ni ba, Mama ta ce kada in gaya wa ƙanena mun sami telan.

Kayan sun ci gaba da zuwa har shekarar da Mama ta yi ritaya muka koma Zuru. Na ƙarshe da aka kawo wa auta zane ne da riga da ɗankwali. Ban san ko mai kayan yana raye ba. In yana raye, har yau mu uku ne a wurinsa.