Ozougwu da Kwal ɗin Rami na Huɗu

Sau uku yake ƙwanƙwasa ma'aunin zafi da fensir kafin ya karanta shi, kullum haka. Mazi Ozougwu ke nan, mai gwajin kwal a mahaƙarmu ta Inugu, shekara ashirin da shida a ɗaki mai taga ɗaya.

Aikinsa ba hayaniya. Zai niƙa kwal ya zama gari, ya auna giram ɗaya, ya rufe a 'yar tukunyar ƙarfe mai kauri, ya ɗura mata iskar oksijin, ya nutsa ta a bokitin ruwan da ya auna. Sai ya kunna da lantarki. Wutar takan ci a ɓoye, ba mai ganinta. Ruwan ne ke tona ta: gwargwadon ɗumin da ya yi, gwargwadon ƙarfin kwal ɗin.

A daminar wannan shekara masu saye suka koka cewa kwal ɗin rami na huɗu ba ya ci. Manya suka ce a gwada, in bai kai ba a rufe ramin. Mutum ɗari biyu ke shiga cikinsa.

Da hantsi Nnaji, shugaban mahaƙan, wanda suka tashi tare, ya shigo da ƙunshin ganyen ayaba. Ya kwance. Dunƙulen kwal ne baƙi ƙirin, yana sheƙi. Sun zaɓo shi kamar yadda ake zaɓa wa suruki doya.

"Mai farar riga, ga shi. Ba ban ka wahala ba."

"Ɓeran rami, wannan kuke loda wa jirgin ƙasa?"

"Ai daga ramin ya fito!"

"Kai ma daga ramin ka fito, kana ci da wuta?"

Ozougwu ya ɗauki shebur ya nufi tulin kwal ɗin ramin da ke jiran lodi a waje. Ya ɗebo sama, ya ɗebo tsakiya, ya ɗebo ƙasa inda laka da dutse suke. Ya cakuɗa, ya raba huɗu, ya watsar da kashi biyu, ya sake cakuɗawa, har abin ya koma cikin tafi. Nnaji na tsaye, ruwa na ɗiga daga hularsa.

Ozougwu ya koma ɗaki ya ƙona. Ma'auni ya hau a hankali, ya tsaya. Ya sake ƙona wani, ya tsaya a wuri guda. Kaɗan ya rage ya kai ƙarfin da manya ke nema.

"Ɗan'uwa," Nnaji ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "mijin 'yarka ma a ramin yake."

"Na sani. Ni na kai shi."

Ya rubuta abin da ruwan ya nuna. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa dutse ya yi yawa a tulin, in an tsince kafin lodi a kawo ya sake gwadawa.

"Za su karanta wannan layin?"

"Ban sani ba."

Ya rataye farar rigar a ƙusa, ya naɗe takardar don kada ta jiƙe, ya fita.