Rumbun da Ke Cin Wasiƙun Hajiya

Shekara huɗu na yi a wani ƙaramin ofis a Limawa, na wata ƙungiya da ke raba wa manoma dashen dabino da mangwaro. A takarda aikina rubuta sunayen manoma ne. Amma na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kano, kuma ranar da aka ɗauke ni aiki bakina ya suɓuce na faɗa. Tun daga nan na zama injiniya. Firinta ta cije takarda, a kira ni. Wayar Shugaba ta cika da hotuna, a kira ni. Har fanka an taɓa sa ni dubawa. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ni kuwa ban taɓa cewa ban iya ba.

Kwamfutoci biyar gare mu, an haɗa su da waya zuwa wani ɗan akwati mai ƙyaftun fitilu a bayan kabad. Ɗaya daga cikinsu ita ke riƙe da takardun kowa, shi ya sa wanda ya haɗa mana su tun farko ya raɗa mata suna Rumbu. Sauran huɗun da sunan nan suke nemanta, kamar yadda za ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama da mutum. In ta amsa, sai foldar ofis ta buɗe a gabanka.

Da zafin bazara ya tsananta wata shekara, Rumbu ta yi wani ƙauri ta mutu. Mai gyara ya ciro mana takardun, Shugaba ya sayo sabuwa. Ni kuma na yi dabarar da na kwana biyu ina yabon kaina a kanta: na ba sabuwar sunan tsohuwar, da kalmar sirrinta, da komai nata, don kada kowa ya sha wahalar koyon sabuwar hanya. Gawar kuwa Shugaba ya sa ta a bayan mota, don shi ko ƙusa ba ya yarda a yar. Na manta da ita.

Hajiya ce mai buga mana wasiƙu. Tun zamanin tafireta take wannan aiki a sakatariya, da ta yi ritaya ta dawo wurinmu. Ta san yadda ake buɗe wasiƙar hakimi da yadda ake rufe ta ciyaman, kuma ban taɓa ganin an mayar mata da takarda don gyara ba. Ni “ɗan nan” take ce mini, ko a gaban baƙi.

Wajen wata biyu da zuwan sabuwar Rumbu, wasiƙun Hajiya suka fara ɓata. Za ta buga wasiƙa yau, ta adana, gobe a zo bugawa a takarda a nema a rasa. Jibi kuma sai ga ta zaune a inda aka bar ta, amma ta jiya ta tafi. Wata rana foldar ta buɗe nan take, wata rana ta yi ta juyi kafin ta ce ba ta san wani Rumbu ba. Sauranmu abin bai taɓa mu sosai ba, kuma dalilin abin kunya ne. Ni ne na kafa dokar cewa kowa ya adana aikinsa a Rumbu, amma ni kaina a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, nake ajiye nawa, sauran ma kowa da maɓoyarsa. Hajiya kaɗai ke bin dokar.

Na yi duk abin da kwas ɗin wata uku ya koya mini. Na kashe na kunna. Na sauya wayar Hajiya, na hure ramukan akwatin nan, na zargi ɓeraye. Na ce cuta ce ta shiga kwamfutar, na yini ina wanke ta. Duk sanda na taɓa wani abu, washegari sai wasiƙun su dawo, in yi ta yawo a ofis ina karɓar sannu. Kwana biyu su sake tafiya. Da dabara ta ƙare mini, sai na shiga sahun masu raɗa cewa wataƙila Hajiya ce ke mantawa ba ta adana ba. Har yau in na tuna da wannan raɗar, kunya nake ji.

Abin ya kai maƙura ranar da wani dagaci ya taso tun daga ƙauye don karɓar wasiƙar rabon dashe, aka neme ta aka rasa. Bayan ya tafi Shugaba ya kira Hajiya, ƙofa kuma a buɗe.

“Hajiya, girma ya zo, ba laifin kowa ba ne,” in ji shi. “Mu ga ƙarshen wata. In abin bai daidaita ba, sai ki huta haka nan.”

Ba ta yi musu ba. Ta ce, “To, Yallaɓai,” ta koma kujerarta. Daga ranar na lura tana ajiye ɗan littafi a gefe, duk wasiƙar da ta adana sai ta rubuta sunanta da lokaci, ta sake dubawa, ta sake dubawa.

Saura mako guda wata ya ƙare na sauke girman kai na buga wa wani abokina waya, wanda ke kula da kwamfutocin wata makaranta a Kafin Hausa. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya tuna mini cewa kowace kwamfuta, ban da suna, tana da lamba.

“Buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni,” ya ce, “ka kira Rumbu da sunanta, ka ga lambar da za ta amsa da ita. Gobe ka sake.”

Ran Litinin lambar ta ƙare da sha biyu. Ran Talata ta ƙare da sha bakwai. Na sake kiransa.

“Lamba takan sauya, wannan ba hujja ba ce. Kashe ta gaba ɗaya, ka kira ta daga kwamfutar Hajiya.”

Na kashe Rumbu, na zare wayar wutarta daga bango, har na riƙe a hannu don kada a yi gardama. Na kira ta. Ta amsa. Sau huɗu ta amsa, lafiya lau. Matar da ke mana shara tana tsaye da tsintsiya ta ce a'uzu billahi, ta ce ita dama ta daɗe tana jin motsi a silin.

Na leƙa bayan kabad na ƙirga fitilun akwatin. Kwamfuta huɗu ce a kunne, fitila biyar ke ƙyaftawa. Na kama wayar da ban san da ita ba na bi ta, ta bi gindin bango, ta fita ta taga, ta zagaya baya ta shige sito.

Baba mai sito dattijo ne daga Kiyawa, shi ke karɓar dashe yana bayarwa. Na same shi a tsakanin buhunan taki, tabarau a kan hanci, yana jera karta a allon wata kwamfuta mai tabon ƙuna a gefe. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta.

“Baba, ina ka samo wannan?”

“Shugaba ne ya gyaro ta ya ba ni, wai in riƙa rubuta kaya a ciki. Ni ko littafina ya ishe ni. Amma kartar nan tata ba ta ha'inci.”

“Wa ya sa mata wannan wayar?”

“Yo ni mana. Na ga waya tana reto a taga, na ga rami daidai ita. Laifi ne?”

Ashe Rumbu biyu gare mu, suna ɗaya, folda iri ɗaya, kuma wadda ta riga tashi ita ke amsa sallama ranar. In Baba ya sami maƙwabcinsa mai mota, kafin ƙarfe takwas ya iso ya kunna tasa, sai wasiƙun Hajiya su tafi sito. In ya tsaya jiran bas ta cika, sai ni in riga shi kunna sabuwar. Mafi ciwo, duk ranar da ya riga ni wani ɗan saƙo yakan fito a kusurwar allon sabuwar, in rufe shi ban karanta ba. Abin da yake faɗa ke nan tun farko, cewa akwai mai irin wannan suna a gidan.

Na ce zan sauya wa tsohuwar suna. Baba ya ce ina, a ina aka taɓa sauya wa babba suna don an yi masa takwara, ai jariri ake yi wa alkunya. Sai da na yarda zan kira ta Kaka sannan ya ɗaga hannunsa daga kanta.

Na je na faɗa wa Shugaba komai, ban rage ba. Ya dube ni ya ce ashe injiniyan ne ɓeran. Sannan ya tashi da kansa ya je teburin Hajiya ya ba ta haƙuri, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Da la'asar muka zauna ni da ita muna kwaso wasiƙun daga Kaka. Ina karanto suna, tana sa alama a ɗan littafinta. Ba ko ɗaya da ta rubuta wadda babu. Can ƙasa na ga wata da ba ta cikin littafin, na buɗe ta kafin ta hana ni. Takardar ajiye aiki ce, layi biyar, ba kuskure ko ɗaya. Ta rubuta cewa ta lura hankalinta ya fara raguwa, kuma ba ta so ta jawo wa ofis abin kunya.

“Ran Alhamis na buga ta,” ta ce. “Washegari na zo da safe in fitar in sa hannu, na neme ta na rasa. Sai na ce to, wataƙila ita ma ban rubuta ba.”

 Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

“Ko 'ya'yana ban gaya wa ba, ɗan nan. Wata biyu ina ƙirga raka'a da yatsa.” Ta mayar da tabarau ta nuna allon. “Goge ta. A gabana, in gani da idona.”