Furen Kuɓewar Surukata

Ni ne wawan labarin, na yarda. Yau na ga kuɓewa ta yi fure, rawaya mai jan ciki, sai marigayiya surukata ta faɗo mini. Bayan yaƙi, ina neman 'yarta Hanatu a Kafanchan, na kwaikwayi akawun reluwe, na tsinke furannin bayan gidansu na miƙa wa yarinyar. Ashe miyarsu na girbe! Shekaru tana tsokanata da gayan tuwo. Allah ya ba ta hutu, amma ni ban huce ba.

Don ramuwa na samo furen gidan Bature, na tare ta gaban matan zumunta. "Mama, wannan fa?"

Kallo ɗaya ta yi. "Danginka ne, ɗana. Ga kyau, ba ya shiga miya."