Baba Taɓa-Riga na Gindin Dutse

Kullum kafin ƙarfe bakwai yake buɗe ɗan ɗakinsa na katako da ke gindin dutse, ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya fito da akwatin riguna ya rataye su a igiya. Rigunan da masu hawan dutse suka manta ne, shi ke wanke su ya ɗinke inda ya yage. An ɗauke shi ne don buɗe ƙofar hanyar hawa dutsen kawai, amma shekara ashirin da shida ba wanda ya wuce shi bai murza masa bakin riga da yatsu biyu ba. Shi ya sa ake ce masa Baba Taɓa-Riga.

Karatunsa ba ya canzawa. Rigar ciki kada ta zama ta auduga, don auduga tana shan gumi ta riƙe, iska na kaɗawa sai ta koma kamar tsumman da aka tsamo a randa. Ta tsakiya ta ulu, ta waje kuma mai tare ruwa da iska. "Ka ji zafi ka tuɓe ɗaya, ka ji sanyi ka mayar," in ji shi. Direbobin wurin sun shaida ranar da ya cire safarsa ya ba wata tsohuwa, ya yini ƙafa a sanyi.

Da kunya nake wannan rubutu. Shekara shida da suka wuce na je da matata, rana ta take, dukkanmu cikin auduga. Ni na hana ta ɗauko rigar ruwa, wai kada jaka ta yi nauyi. Ya murza hannun rigarta ya girgiza kai.

"Ɗana, hadari zai taso kafin azahar. Ku ari waɗannan biyun."

"Baba, gadi aka ɗauke ka ko ɗinki?" na ce. "Matata za ka sa wa gwanjo?"

Mutane suka yi dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar. Ya mayar da rigunan igiya, muka wuce.

Mun kusa ƙoli, jiƙe sharkaf da gumi, iska ta juya, ruwa ya kece. Matata ta kama rawar ɗari har ta kasa buɗe gorar ruwa, daga baya maganarta ta fara sarƙewa. Na zazzage jaka, ban sami ko ƙyalle busasshe ba. Ina riƙe da ita ina kiran sunanta sai ga shi yana haki, da buhu a kafaɗa. Ashe tun da ya ga gajimare ya kulle ɗakinsa ya biyo sawunmu.

"Tuɓe mata jiƙaƙƙiyar, sa mata wannan ta ulu," ya ce, ya juya mana baya.

Ya ba ta shayi mai zafi, muka sauko da ita a hankali. Likita ya ce da an ƙara awa guda da labari ya sha bamban.

Baba, kai ne wanda na ci wa fuska ya rama da ceton ran matata. Ban dawo na gode maka ba. Rigar ulun nan ta shekara shida a ɗakina, in na gan ta sai in kau da kai.

Makon jiya na ji ciwon gwiwa ya sa zai ajiye aiki, na daure na kai masa rigar. Na fara ba da haƙuri ya katse ni.

"Ya jikin 'yata?"

Ya duba maɓallan, ya rataye ta a igiya.

Na gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Ku da za ku hau, ba za ku same shi a ƙofa ba, sai ku riƙa murza wa juna riga. Ta uku daga hagu a igiyar ita ce ta ceci matata. In wani ya miƙa muku, ku karɓa.