Ɗinkin Bahaguwa a Rigar Dodo

A kakar da na cika shekara goma, wata ranar Laraba, wan mahaifina ya zaro rigar dodona daga ƙarƙashin rumbu, ya juya cikinta, ya ce uwata ce ta ɗinka. Gaskiya ya faɗa. Ni na ce ƙarya ne, ni na ɗinka.

Muna wani ƙauye kusa da Kagoma. Mahaifina ya rasu damina biyu kafin nan, ya bar mu a gidan wansa, Baba Yakubu, ya bar gonar citta guda. A garinmu, in an gama yankan acca, masara ta shiga rumbu, yara maza kan haɗa dodon wasa don yawon Kirsimeti. Ba dodon manya ba, wanda mata ke rufe ƙofa in ya fito. Namu na tsohon buhu ne. Mu huda ƙwarya ido biyu da baki, mu shafa mata gawayi da jar ƙasa, mu liƙa gemun masara da ƙaro, mu jera ɓawon masara a jikin buhun don ya riƙa ƙara in an yi tsalle. Amma dokarsa ɗaya da ta manya: hannun mace ba ya taɓa kayan dodo, ko na wasa ne.

Nawa ya ƙi zama. In na yi tsalle biyu sai ɓawon ya zube, yara su yi ta dariya. Wata rana mutanen gida duk suna gona, Mama ta same ni ina fama da shi. Ta leƙa ƙofa, ta karɓi basillar, ta ɗinke shi tsaf kafin ruwan da ta ɗora ya tafasa. “Ba ka gan ni ba,” ta ce. Abin da muka manta shi ne Mama bahaguwa ce. Ɗinkin kowa daga dama yake tashi, nata daga hagu, zaren kuma ya kwanta ta ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa kallon mayafin teburin cocinmu ya san hannunta.

Mutum ɗaya na nuna wa rigar: Bulus, ɗan Baba Yakubu, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya. Ya rantse ba shi ya faɗa ba. Wataƙila. Na dai san tun kafin maganar riga na sha ganin Baba yana zagaya iyakar gonar mahaifina yana ƙidaya kunyoyi da sandarsa. Ranar Larabar nan, Baba ya ce in ta tabbata Mama ce, za ta koma gidan ubanta a Gwantu, 'ya'ya da gona su zauna a hannunsa. Sannan ya dube ni. “Ka ce kai ne, ko? To, Asabar dattawa za su zauna. Ka ɗinka su gani.”

Kwana uku ke nan, kuma ido na kanmu. Mama ba ta isa ta kira ni ɗaki ba. Sai ta fito da sabon mayafin da Zumuntar Mata suka ba ta don Godiyar Kaka, ta zauna a tsakar gida inda kowa ke gani, tana ɗinki a hankali kamar wadda ido ke damunta. Ranar farko na zauna a gabanta ina ɓarar gyaɗa ina kallo. Da na je bayan gona na gwada, sai ɗinkin ya fito irin na dama, don in kana fuskantar mutum hagunsa yana daidai da damanka. Washegari na koma bayanta, ina leƙe ta kafaɗarta. In za ta ja zare sai ta ɗaga hannu sama fiye da yadda ta saba. Na yi ta gwadawa a tsumman buhu har babban yatsana na dama ya zama kamar rariya. Ina gamawa in tona rami in binne tsumman, saboda Bulus.

Ranar Asabar dattawa huɗu suka zauna a gindin ɗorawa. Aka miƙo buhu da basilla. Wanda ya miƙo ya nufi hannun damana da ita, da gangan. Na karɓa da hagu. Na ɗinka taƙi guda, ba kyau, amma zaren ya kwanta inda ya kamata. Wani tsoho ya shafa shi da yatsa, ya ce, “Ashe yaro ya gado uwarsa.” Baba Yakubu ya daɗe yana kallona. Ya sani, na san ya sani. “Tunda ka iya,” ya ce, “daga yau ɗinkin buhunan gidan nan naka ne.” Mama ta zauna, gona ta zauna a hannunmu. Makarantar da aka ce za a sa ni bayan Kirsimeti ba a sake maganarta ba. Rigar kuwa ban taɓa sa ta ba. Baba ya ƙone ta.

Yanzu yara fuskar roba suke saye a kasuwar Kafanchan, mata ne ma ke sayarwa, ba mai juya cikinta ya duba. Mama ta rasu a ɗakinta, ba a Gwantu ba. Bulus mukan gaisa, ba na dai nuna masa komai. Ni ina Kachia, ina ɗinke bakin buhun citta a kasuwa. Da dama nake cin abinci, da dama nake gaisawa. Basilla kawai nake riƙewa da hagu.