Hula a Kan Allon Kifi

Duk wanda ya saba sauka bakin ruwan Bagauda bayan sallar asuba ya san Malam Mudi. Zai gan shi yana gangarowa a hankali, batir a kafaɗa, wata 'yar na'ura naɗe cikin tsohon rawani a hammata. Ba ya doguwar gaisuwa sai ya ɗaure ta a gefen jirgi, ya zura kanta cikin ruwa, ya kunna. Allonta bai fi tafin hannu biyu ba. Masunta suna ce mata talabijin ɗin Mudi. A kakar bana ya ajiye aikin, don yanar ido ta fara rufe masa gani. Ban ga dalilin da zai sa mu jira sai ya mutu sannan mu faɗi alherinsa ba. Wannan ɗabi'armu ce, kuma mummuna ce.

Na'urar nan ba ta rubuta sunan kifi. Ɗige-ɗige take nunawa, da wasu zane-zane kamar jinjirin wata. Alhaji Abdulmumini, mai jirgin, shi ya sayo ta, ya miƙa wa Mudi don ya fi kowa haƙuri. Mudi ya yi ta gwaji: ya ga alama, ya jefa birgi, wato komar jifa, ya duba abin da ya fito, ya riƙe a ka. A haka har ya gane su. Mai kaurin nan da ke kwance a ƙasa shi kaɗai, tarwaɗa ce. Masu manne wa kututturan da ruwa ya cinye, kurungu ne. Masu tafiya tare a tsakiyar ruwa kamar garken awaki, karfasa ce.

Hajara mai suyar kifi takan ɗaga murya daga rumfarta tun jirgi bai iso ba: "Yaya Mudi, me talabijin ta ce yau? In kurungu ne ka kai wa surukanka, ƙayarsa ta ishe ni!"

Sai ya ce, "Tarwaɗa ce, Hajara. Ɗora mai, ki rage surutu."

Ni na tashi lokacin da otal ɗin bakin ruwa ke cika da baƙi, karfasa ɗaya ta ƙosar da mutum biyu. Tun wancan zamanin dattawa suna da doka: da damina ta sauka, ba a su a Lungun Marke, domin nan karfasa ke haƙa ramukanta ta zuba ƙwai. Babu mai gadi, babu tara. Kunya ce ke tsare wurin, kuma ruwa da kansa yana taimakawa, tunda ba wanda ke ganin abin da ke ƙasa. Da na'ura ta zo, ruwa ya daina rufa wa kifi asiri. Abin da ya rage tsakanin Lungun Marke da taru, babbar komar da ake ja, shi ne bakin mai karanta allo. Shi ya sa duk damina, in jirgi zai ratsa ta lungun, Mudi yakan cire hularsa ya kifa a kan allon, ba zai ɗauke ba sai sun wuce.

Wata shekara kifi ya yi ƙaranci, har Alhaji ya shiga jirgin da kansa. Nasiru, magidancin da ke riƙe da inji, yana wurin, kuma shi ya ba ni labari. Suna isa lungun Mudi ya kifa hula. Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauke ta. Allon ya cika maƙil.

Alhaji ya ce, "Malam Mudi, mene ne wannan?"

Da ya ga dama da ya ce ciyawa ce, ba mai iya ƙaryata shi. Bai ce ba. Ya ce, "Karfasa ce, Alhaji, kuma da yawa. Amma iyaye ne."

"Iyaye? A allo ka ga goyo?"

Mudi ya jefa birgi sau ɗaya, ya zaro karfasa guda, ya buɗe bakinta a gaban Alhaji. Cike yake da ƙwai, don a baki take renonsu. Ya mayar da ita ruwa. Ya ce, "Ga goyon. In muka ja taru yau, mun cinye kifin baɗi da na baɗi waccan."

Alhaji ya ce, "Ni yunwar bana ce a gabana. Na'urata ce ko taka?"

"Taka ce. Ruwan ne ba naka ba, ba nawa ba."

A ranar Alhaji ya karɓe na'urarsa, ya sallami Mudi. Washegari ya sa aka fito da taru. Amma taru ba ya jan kansa, sai da hannuwa. Nasiru ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, abin da Baba Mudi ya kifa wa hula, ni ba zan kama masa igiya ba." Sauran suka sunkuyar da kai. Tarun ya wuni a kan yashi, aka naɗe shi a bushe.

Kada wani ya zaci abin ya zo wa Mudi da sauƙi. Daminar nan gaba ɗaya a gindin bishiya ya yi ta, yana ɗinke komar mutane, ga iyali a gida. Hajara ta ce ta sha aika masa da kan kifi don miya, yana amsa da godiya, bai taɓa zagin Alhaji ba. Shi kuwa Alhaji bai ba da haƙuri ba har yau, ba halinsa ba ne. Da kaka ta yi, batirin kawai ya aika gidan Mudi, ya ce a sa masa caji. Da asuba Mudi ya gangaro da shi a kafaɗa.

Malam Mudi, kai ne gawo, mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Kai ne aka ba ido a cikin ruwa, ka san inda ya kamata ka runtse shi. Ba ka yi wa ubangidanka ƙarya ba, ba ka kuma ci amanar ruwa ba. Mutane da yawa ɗaya suke iya riƙewa su saki ɗaya. Karfasar da yaran Bagauda ke ci da yaji bana, jikokin waɗancan iyayen ne. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu tasowa, na'urorin da za ku riƙe sun fi ta Mudi gani. Gani ba gwaninta ba ce, na'ura ce ta yi muku. Ku koyi abin da ba a sayowa a kasuwa.

Nasiru ne ke karanta allon yanzu. Da daminar da ta wuce Mudi ya riga ya fara barin masa kujerar, shi yana zaune a bakin gaɓa, ba ya hango komai sai inuwar jirgi. Su Nasiru na dosar Lungun Marke, Mudi ya tambayi Hajara, "Me yake yi?"

Ta kare ido da hannu, ta duba. Ta ce, "Yaya, kansa ba hula."