Balan-balan da Sunan Ustaz Idirisu

Shekara tara ke nan da muka kai Ustaz Idirisu makwancinsa a nan Gadarif ta ƙasar Sudan. Tare muka yi koyarwa a sakandare ɗaya, ni ina tarihi, shi yana kimiyyar sinadarai, kuma a gida ɗaya muka yi haya kafin kowannenmu ya yi aure. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kam ban ji daɗin bana ba, kuma tsofaffin ɗalibansa ne suka ɓata mini ita.

Duk wanda ya zauna ajin Idirisu ya san darasin hiliyam, ni ma da nake jiyo shi ta bango na haddace. Yakan ce hiliyam ilektaron biyu kawai gare shi, amma an jera shi da su niyon da argon masu takwas a zoben waje, waɗanda littafin Larabci ke kira "nabila", wato masu daraja. Dalili shi ne zoben farko biyu kaɗai yake ɗauka, nasa kuwa ya cika. Ba ya neman ƙari, ba ya haɗuwa da kowa, saboda haka ba ya kama wuta. Haidurojin kuwa ɗaya gare shi, kullum neman na biyu yake, da ya sansano wuta sai ya tashi.

Ba don jarrabawa yake nanata wannan ba. 'Yarsa Sa'adiyya tana ƙarama aka saya mata balan-balan mai tashi sama a wajen wani biki. Kun san al'adarmu, ba a taro sai mata sun zagaya da kaskon turaren wuta, ga kuma gawayin dafa jabana, wato gahawarmu, a kowane lungu. Balan-balan ta taɓa kasko ta fashe da wuta. Har yau Sa'adiyya da mayafi take rufe kunnenta na hagu. Da Idirisu ya bi sawu, sai ya tarar masu sayarwa a durom suke dafa gas ɗinsu, da soda da gwangwanayen alminiyam. Haidurojin ne tsantsa, mutane kuwa suna zaton hiliyam ne, suna yi wa rogo kallon kitse.

Yanzu ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibansa ta shirya taron tunawa da shi ranar Juma'a mai zuwa. Manya ne yau, wasu da gonakin riɗi a Simsim, wasu da tumbi da mota. Sun buga ƙyalle da sunansa, sun gayyaci mai waƙa. Babban abin da suka tsara shi ne a raba wa yaran unguwa balan-balan su riƙe har a gama jawabai, sannan a saki sama "don girmama malamin hiliyam". Na je na ga inda za a cika su: durom ne a bayan kasuwa, yana tafasa yana huci.

Na sami shugaban ƙungiyar, wanda a da yake zama layin gaba yana gyaɗa kai, na gaya masa abin da na gani. Ya yi murmushin manya ya ce, "Ma'alesh ya Ustaz, a yi haƙuri, hiliyam ba ya samuwa a Gadarif. Gas ai gas ne, duka sama suke tashi. Khalas, magana ta ƙare, an riga an tsara." Na raina shi a wannan lokacin, kuma ban ɓoye ba. Ashe gyaɗa kan nan duk na ƙadangare ne.

Me Idirisu zai ce da yana nan? Ba mai dogon zance ba ne. Ina jin allura zai nema ya bi balan-balan ɗin yana fasawa ɗaya bayan ɗaya, ya bar mai waƙa da bakinsa a buɗe.

Matarsa Hajja Asabe ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta yi jinyar kunnen nan. Da 'yan ƙungiyar suka je gayyatarta, ko shayi ba ta bari sun gama sha ba. Ta ce, "Yarana, ku ji da kyau. Jikokin mutane ba za su riƙe wuta da sunan mijina ba. Ko ku cire balan-balan, ko ku cire sunansa."

In ana auna abin da ya rage na Idirisu, ba a wajen waɗannan ɗaliban za a same shi ba. Yana wajen matan unguwarmu, waɗanda ke fizge zaren balan-balan daga hannun yaro da zarar kasko ya doso, ko da ba su san ilektaron daga ƙwayar dawa ba. Su nake roƙo: ranar Juma'a kowace ta riƙe ɗanta a gida, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Ƙungiya dai ta zauna ta yi shawara a kan maganar Hajja. Jiya na wuce ta ƙofar makaranta, na ga an sake rataya ƙyallen. Sun shafe sunan da fenti.